Ku Tambayi Kawu: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Tseren Mota?

Tun da aka fara kawo manyan tseren motoci ƙasar nan ta Saudiyya, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili suka sauya launi. Da can tambayar ba ta wuce me ya sa mota ta daina sanyi a watan Agusta ba, ko wane baƙin mai ya dace da tsohuwar Camry. Yanzu kuwa samari ne ke neman hanyar zama direbobin tsere, iyayensu kuma na neman hanyar hana su. Na zaɓo kaɗan, na rage tsawon wasu. Wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Shekaruna 19, ina taya babana tsaron shago a Misfala. Ba a taɓa yin Formula 1 a Jidda ban kalla a talabijin ba. Ina da lasisi, kuma abokaina duk sun shaida na iya tuƙi. Ta ina zan fara har in kai can?
*Wani saurayi, Makka*

Amsa: Ɗana, zan faɗa maka gaskiya ko da za ka ji haushina. Formula 1 ta riga ta wuce ka. Ba batun iyawa ba ne, batun shekaru ne da aljihu. Kujerun ashirin ne ko da 'yar ɗoriya a duk faɗin duniya, kuma waɗanda ke zaune a kansu tun ba su gama famfara ba suke riƙe da sitiyari. Lewis Hamilton, wanda ya ci tseren farko da aka yi a Jidda cikin Disambar 2021, yana ɗan shekara 8 ya fara, babansa na haɗa aiki biyu uku don ya biya kuɗin. Max Verstappen yana ɗan shekara 4 aka ɗora shi a kart, wato 'yar ƙaramar motar koyon tsere, ya shiga Formula 1 a 2015 yana da 17. Tunda kana kallo, ka tuna yaron nan Oliver Bearman da Ferrari ta kira bagatatan a Maris 2024, bayan an kwashi Carlos Sainz zuwa asibiti za a yi masa tiyatar afendis? Shekarunsa 18 a ranar, ya zo na bakwai. Mutane suka ce sa'a ce. Sa'ar da aka yi shekara goma ana yi mata tanadi.

Tsanin a bayyane yake: kart, sai Formula 4, sai Formula 3, sai Formula 2, sannan a nemi babban lasisin da hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ke bayarwa, wanda sai ka tara maki 40 cikin shekara uku. Kowane mataki direba ne ke kawo kuɗi, ba shi ake biya ba. Kakar Formula 4 guda a Turai ɗaruruwan dubban Yuro ce, ta Formula 2 kuwa miliyoyi ake magana. Ka ga dalilin da ya sa Hausawan ƙasar nan suka cika filin ƙwallo, har Usama Hausawi ya ɗaura kambun kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018, amma ba ka jin sunanmu a kan motocin da ke tsere a Kornish, hanyar bakin tekun Jidda. Ƙwallo ɗaya ta ishi unguwa. Kafin a ja ruwan wannan rijiya sai da na ciki.

To amma wa ya ce maka tsere duka Formula 1 ne? Akwai na motoci masu rufi, waɗanda ka gansu za ka gane wannan Porsche ce, waccan Mercedes, ana ce musu GT. A cikinsu an ware aji na waɗanda ba sana'arsu ba ce, har ka ga ɗan kasuwa mai furfura yana raba mota ɗaya da ƙwararre. Akwai na juriya, uban su shi ne na Le Mans a Faransa, tun 1923, awa 24 cur mota na tafiya, direbobi uku na karɓeɓeniya, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙarancin tsayawa gyara shi ke ci, ba wanda ya fi zafi ba. Amurkawa suna da nasu na kewaya fili mai siffar ƙwai, irin su NASCAR da Indianapolis 500 da ake yi tun 1911, zagaye 200. Ni dai kallonsa na sa ni gyangyaɗi, amma masu shi sun rantse babu kamarsa. Akwai Formula E ta lantarki da aka fara kawowa ƙasar nan a Dir'iyya cikin Disambar 2018 kafin a dawo da ita Jidda a 2025. Akwai rali, wanda zan yi maganarsa a ƙasa. Waɗanda suka shafe ka kai tsaye su ne ƙananan da talabijin ba ta cika nunawa ba: hawan dutse irin wanda ake yi a Shafa ta Ɗa'ifa da kuma Baha, mota ɗaya ɗaya ana duba agogo, da bin hanyar da aka shata da mazuraren roba a fili, inda ba ka yin karo da kowa sai ka ture roba a ƙara maka daƙiƙu. Waɗannan ba sa tambayar shekarunka.

Ko wanne za ka bi, ka fara da kart na haya. Ka biya kuɗin minti goma ko sha biyar, a ba ka hular kwano. 'Yar motar ba ta da giya, ba ta da sifirin, tsakaninka da ƙasa bai fi faɗin yatsu uku ba. Injinta ɗan uwan na janareta ne. Ƙafar dama totur, ta hagu birki, birkin kuma a tayoyin baya kaɗai yake, shi ya sa in ka danna shi da ƙarfi kana tsakiyar kwana sai ka ga kana kallon inda ka fito. Kafin ka fita damatsanka sun yi tsami, haƙarƙarinka na ciwo. Abin da nake so ka kula da shi ba gudun ba ne, takardar da za a miƙo maka ce bayan ka sauka, mai ɗauke da lokacin kowane zagaye. Kada ka kalli zagayenka mafi kyau. Kalli tazarar da ke tsakanin mafi kyau da mafi muni. In ta kai daƙiƙa uku, da sauranka. Ranar da ka jera zagaye goma tazararsu ba ta kai rabin daƙiƙa ba, ka fara iya tuƙi.

Yadda ake cin kwana kuma ba ya sauyawa daga kart har Formula 1. Ka shigo daga gefen waje, ka gama taka birki tayoyinka na miƙe, ka karya ka shafi ƙuryar ciki, ka sake buɗewa waje kana ƙara wuta a hankali. Idonka na inda za ka, ba inda kake ba. In ka ji taya na kuka, lokaci kake zubarwa. Shaidar abokanka ba ta da amfani a nan, agogo ba shi da aboki.

Tambaya: Malam, ina cikin damuwa. Ɗana na biyu ya shiga cikin 'yan tafhiɗ, masu wasa da mota a kan titi. Sai dare ya raba ya ɗauki motar yayansa ya fita. Da na yi masa faɗa sai ya ce horo yake yi, wai haka zakarun dirif suka fara. Gaskiya ne?
*Uwar yara, Jidda*

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana su. Ba gaskiya ba ne, amma ya ɗauko ɗan guntun gaskiya ya lulluɓe ƙaryarsa da shi. Dirif wasa ne da aka sani, daga hanyoyin duwatsun Japan ya samo asali, wani direba mai suna Keiichi Tsuchiya ya fito da shi duniya. Yana da alƙalai masu ba da maki a kan yadda mota ta karkace, da layin da ta bi, da tsabtar aikin. Ana yinsa da mota mai jan baya, an cire kujerun baya, an yi mata kejin ƙarfe daga ciki, direba na ɗaure da bel mai harshe huɗu ko shida, kansa cikin hular kwano. Tsakanin mota da 'yan kallo akwai katangar kankare, motar asibiti na tsaye a gefe. Abin da ɗanki ke yi kuwa, motar gida ce mai jan gaba, a kan titin jama'a, ana wuce kilomita 160 ana kaɗa ta dama da hagu tsakanin tankar mai da motar mai iyali, yara na zaune a kan taga, wasu sun yi layi a bakin kwalta suna ɗauka da waya. Bambancinsu shi ne na dambe da faɗan lungu: ɗaya da fage da alƙali da mai rabawa, ɗayan sai an ɗauki wani.

Ki ba shi labarin Romain Grosjean, direban Formula 1. A Nuwambar 2020 a Bahrain motarsa ta tsaga shingen ƙarfe, ta rabe biyu, wuta ta tashi. Ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki, ya fito da ƙafarsa, ƙuna a bayan hannuwa. Abin da ya fitar da shi bayan ikon Allah shi ne baka na ƙarfe da aka wajabta sa wa a saman kan direba tun 2018, da rigar da ba ta saurin cin wuta, da likitan da ke biye da su a mota, da ma'aikatan da suka rugo da tukunyar kashe gobara. Ki tambaye shi wanne daga cikin waɗannan ke jiransa a bayan gari ƙarfe biyun dare.

Batun hukuma kuma, tun gyaran dokar hanya na 2016 tarar tafhiɗ karon farko Riyal 20,000 ce, a tsare motar kwana 15. Karo na biyu 40,000, na uku 60,000, har ana iya ƙwace motar. Motar kuma ta yayansa ce, istimara, wato takardar rajistar motar, da sunan yayan take. In kuma da igama, takardar izinin zaman baƙi, kuke zaune, ba sai na gaya miki abin da shiga hannun hukuma ke jawo wa gida ba.

Faɗa kaɗai ba ya raba yaro da wannan, domin abin da yake nema shi ne a kalle shi a tafa. Makullin dai ya bar hannunsa yau, wannan aikin yayansa ne da babansa. Sannan wani babba da yake jin nauyinsa ya kai shi inda ake dirif na ƙa'ida. A Dirab, kudu da Riyad, akwai fili, kuma hukumar wasannin motoci da babura ta ƙasa na fitar da jadawalin wuraren da ake yi. Sharaɗi ɗaya za ku kafa masa: taya daga aljihunsa. Tayoyin baya biyu ba sa daɗewa suke zama zare a wannan wasa. Na ga samari da yawa da kuɗin taya ya yi musu wa'azin da liman bai yi ba. Wanda ya jure ya ci gaba da saye, to da gaske yake, sai a taimaka masa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Agadas ne, na daɗe a Madina. Muna samari muna fita bayan gari kallon motocin Paris-Dakar suna wucewa. Yanzu jikokina na ce mini ana Dakar a nan Saudiyya. Yaya aka yi Dakar ta baro Sanagal? Kuma shin irin wancan ne?
*Wani dattijo, Madina*

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shi ne dai, gida ya sauya. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, da aka ceto shi sai ya ƙudura zai kawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, 74 suka isa Dakar. Tun a wannan karo na farko hanyar ta bi ta Tamanrasset ta sauko Agadas, ta wuce Yamai da Gao da Bamako, don haka idonka ya ga abin tun yana jariri. Shi Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali cikin Janairun 1986. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya saboda barazanar tsaro a Muritaniya, daga 2009 aka koma Kudancin Amurka har 2019, sannan a Janairun 2020 aka tashi daga Jidda aka ƙare a Ƙiddiyya. Sunan ne kawai bai yi ƙaura ba.

Ba zan ɓoye ba, ba kowa ne ya yi kewarsa a ƙasashenmu ba. An sha take mutane a ƙauyuka, har da yara, motocin kuma su wuce su bar ƙura. A nan yawancin hanyar ta cikin daji take bi inda babu kowa, ta Nufud da duwatsun Ula da Rub'ul Khali.

Rali iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Akwai na gajerun zango, a rufe hanya, motoci su tashi ɗaya bayan ɗaya, an riga an bi hanyar an rubuta kowace kwana, na gefen direba na karanto masa. Gasar duniya ta wannan iri ta zo Jidda a Nuwambar 2025. Dakar kuwa na dogon zango ne, kusan mako biyu, dubban kilomita, kuma babu wanda ya taɓa ganin hanyar. Ana dab da tashi ake buɗe musu littafin hanya a allon na'ura: 'yan zane-zane, da nisan da ke tsakaninsu, da kusurwar da za a dosa. Akwai wuraren da dole a taka, wanda ya tsallake ɗaya a ƙara masa lokaci. Shi ya sa na gefen direba a Dakar rabin nasara ne. Direba ya fi kowa zafi, in mai karanta masa hanya ya ɓata, sai su yi ta gudu zuwa inda ba a aike su ba. Abin da kakanninku madugai suka yi da taurari da launin yashi a hanyar Bilma, shi ake yi da allo yanzu.

Ga abin da na fi so a cikinsa, kuma saurayin Misfala ya saurara: ba ya korar mai shekaru. Carlos Sainz babba, mahaifin wancan da aka yi wa tiyata, shi ya ci na 2020, ya sake ci a 2024 yana da shekara 61. Stéphane Peterhansel ya ci sau 14, shida a babur, takwas a mota. A 2025 ɗan ƙasa Yazid Al-Rajhi ya ci da Toyota Hilux, Basa'ude na farko da ya ci ajin motoci. Shi ma dai ɗan gidan masu hali ne, kada a ce ban faɗa ba.

In jikokin za su kai ka, Baba, ka ce su kai ka sansanin da ake yada zango da dare, ba bakin hanya ba. Direbobi na barci, makanikai na kwance ƙarƙashin motoci da fitila a goshi, an warware mota har ƙashi, kafin asuba an mayar. Can gefe kuma ga masu baburan da suka shiga ba tare da mai taimako ba, mutum ya wuni a kan yashi, ya dawo ya canza mai da taya da hannunsa, ya shiga ɗan tanti. Ni su nake fara zuwa gaisarwa.

Tambaya: Kawu, ni ɗaliba ce, ina karatun injiniya. Ina son harkar nan amma babana ya ce ba ta 'ya mace ba ce, musamman saboda sutura. Me zan ce masa?
*Wata ɗaliba, Riyad*

Amsa: 'Yata, kada ki ce masa komai tukuna, ki nuna masa hoton direba cikin kayan aiki. Riga ce mai kauri daga wuya har idon sawu, da safar hannu, da wata hula mai rufe kai da wuya ba a ganin komai sai ido, sannan a kifa hular kwano. Ko shi ba zai gane mace ce ko namiji ba. In sutura ce kaɗai damuwarsa, an gama. In kuma tsoro ne na uba, wannan sai a hankali, kuma ba ni zan shiga tsakaninku ba.

Mata sun fara tuƙi a ƙasar nan ranar 24 ga Yuni 2018. A cikin wannan shekarar Rima Juffali, 'yar Jidda, ta shiga tserenta na farko tana da shekara 26, a Nuwambar 2019 kuma ta yi tsere a Dir'iyya. Daniya Akil, ita ma 'yar Jidda, ta ɗauki kofin duniya na ajinta a gajeren ralin hamada a 2021, ta zo ta takwas a ajinta a Dakar ta 2022. Tun kafin su, Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta doke maza kaf ta ci Dakar a 2001. Ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce Rally Jameel, na mata zalla, da aka fara a 2022 daga Ha'il zuwa Riyad. Ba a cinsa da gudu, da bin hanya daidai ake ci, mata biyu a mota, ɗaya na tuƙi ɗaya na lissafi.

Amma da ni ne ke, karatun nan zan riƙe da hannu biyu. Wadda ta yi shekaru tana yanke wa motocin Red Bull lokacin da za su shigo canjin taya, Hannah Schmitz, injiniya ce, a gaban kwamfuta take cin tsere. Wannan kujera ba a sayenta da kuɗin uba.

Tambaya: Usta, ni yaron warsha ne, wato garejin gyaran mota, a Sina'iyya, shekarata shida ina koyo. Ba ni da kuɗin kart kowane mako, kuma igama gare ni, ba ɗan ƙasa ba ne. Akwai wurina a wannan harka ko in haƙura?
*Wani makanike, Jidda*

Amsa: Ƙanena, a duk waɗanda suka rubuto kai ka fi kowa kusa da shiga cikin shingen. Bayan kowace mota ta Formula 1 akwai ɗaruruwan ma'aikata. Canjin taya kaɗai mutum wajen ashirin ke yi, kuma McLaren ta taɓa gama shi cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Ba can za ka fara ba, amma masu kart da masu rali da masu hawan dutse na cikin gida kullum suna neman hannu mai amana. Sai dai ka sani, aikin tsere ya saɓa da yadda muka saba. Ba a ɗaure noti da "ya isa haka", da sifana mai awo ake ɗaurewa zuwa adadin da aka rubuta, a ɗiga masa fenti don a san an gama da shi. Ba a barin sifana a ƙasa. Duk abin da ka taɓa ka rubuta: iskar taya nawa, da wane zafi, direba ya ce me. Ka fara wannan ɗabi'a a warsharku tun gobe, ko za a yi maka dariya. Ka kuma koyi Turancin kayan aiki, domin takardun duk da shi suke. In ka sami mai motar rali, ka ce za ka bi shi ƙarshen mako ko ladan bai taka kara ya karya ba. Daga nan ake sanin mutum.

Ƙofa ta biyu ba ta cin ko Riyal ɗaya: aikin mashal, masu kaya ruwan lemo da kake gani a bakin hanya. 'Yan sa-kai ne, hukumar wasannin motoci ke ɗaukarsu ta ba su horo kafin manyan tsere. Ta nan ni na shiga. Za a ajiye ka a wani lungu na hanyar Kornish, mai tsawon kilomita 6.174 da kwana 27, kai da tutoci da tukunyar kashe wuta da tsintsiya da garin tsotse mai. Rawaya na nufin haɗari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa. Ja, a tsaya. Shuɗiya, ka ba na bayanka hanya ya riga ya zagaye ka. Abin da za a fara cusa maka shi ne kada ka taɓa juya wa motoci baya, kuma kada ka taka kwalta sai an ba da izini ta rediyo, ko da kana ganin guntun ƙarfe a gabanka. Waya tana aljihu, ba hoto. Tsayuwa ce tun la'asar har tsakar dare, ga gumin bakin teku, rigar ta manne maka. Amma idan suka taho a zagayen farko, a hanyar da matsakaicin gudunta ke kai kilomita 250 a awa, ƙarar ba a kunne kake jinta ba, a ƙirji, iskar kuma ta bugi shingen waya har ya yi rawa. Mai tikitin dubbai bai kai ka kusa ba. A nan kuma za ka san masu duba motoci, da masu riƙe agogo, da masu ƙungiyoyi, mutanen da in ka je ofishinsu da takarda ba za ka wuce mai gadi ba.

Batun igama, dokar FIA ta yarda hukumar ƙasa ta ba baƙon da ke zaune a cikinta lasisin tsere, in ya nuna shaidar zama kuma hukumar ƙasarsa ta asali ta amince. Lasisin tsere daban yake da na murur, wato na tuƙi a titi, ana neman takardar likita, wanda bai kai 18 ba kuma sai da sa hannun waliyyi. Ka tabbata takardunka na raye, kuma ka sanar da kafilinka, wato wanda ya tsaya maka a igama, kafin ka fara karɓar aiki a waje, kada neman ƙiba ya kawo rama.

Tambaya: Kawu, wasan tsere na PlayStation yana koya wa mutum wani abu, ko ɓata lokaci ne kamar yadda Umma ke cewa?
*Ɗan sakandare, Ɗa'ifa*

Amsa: Ku duka kuna da gaskiya. Wani ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya ci gasar Gran Turismo a 2011, Nissan ta ɗauke shi, a 2013 ya zo na uku a ajinsa a Le Mans. Manyan direbobi ma da na'urar kwaikwayo suke haddace hanya. In da sitiyari da feda kake yi, kana bin layi, kana duba lokacinka, kana koyo. In da yatsa kake yi kana kwance kana bugun katanga kana sake farawa, maganar Umma ce. Kuma ko wanne ne, sai bayan an gama aikin makaranta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da Hilux mai ƙarfi, da ita nake jigilar kaya tsakanin Jidda da Makka. Tunda irinta ce ta ci Dakar, zan iya shiga Ralin Ha'il da ita?
*Wani direba, Jidda*

Amsa: Alhaji, waccan Hilux suna da fitilu kawai suka haɗa ta da taka. Ƙashinta bututun ƙarfe ne da aka ƙera don tsere, aka lulluɓa mata jiki mara nauyi. Akwai ajin motocin kasuwa da aka yi wa gyara, amma kafin masu duba motoci su buga maka tambari sai an yi kejin ƙarfe bisa ƙa'ida, da kujerun tsere, da bel mai harshe da yawa, da tankin mai na musamman, da na'urar kashe gobara, da makunnin da ke yanke wutar mota duka daga waje. Kayan jikinka da na abokin tafiyarka ma kowanne da tambarinsa da ranar ƙarewarsa. Inshorar da kake biya kuma ba ta san da zancen tsere ba, in ka kifa ta a bayan tudun yashi kai da aljihunka ne.

Motar da ke ciyar da gida ba a kai ta rali. In yashin ne ke kiranka, ka bi masu fita daji ranar Juma'a da yamma, ka koyi rage iskar taya, da hawa tudu a miƙe ba a karkace ba, da ɗaga ƙafa kafin ka kai ƙololuwa tunda ba ka san abin da ke bayanta ba, kuma kada ka fita da mota ɗaya. Ha'il kuwa ka je kallo. Lokacin sanyi ake yi, ka tafi da bargo biyu da rigar sanyi ta kirki, na can ba irin na Jidda ba ne.